Lallen Juma'a a Bin Omran

Bin Omran, Doha

Yaya Zuleiha,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da damun ki da zan yi, ga ki da ciwon ƙafa. Ina gaida Malam da yara.

Ja'afar ɗinki ya sauka lafiya, yana aikin guga a wani otal. Ɗakin da kamfani ya ba su maza ne cike, gado kan gado. Da riga da safa yake kwana, ba ya wanka sai kowa ya fita.

Ranar Juma'a yake zuwa wurina. Yana rufe ƙofa sai ya ɗaura ɗankwalina, ya ce, "Inna Haulatu, a ɗakin nan kawai, ki ce mini Kausar." Na faɗa, Yaya. Da La'asar ta yi ya tambaye ni, "Gaba zan tsaya ko gefenki?" Duk karatuna ban san amsa ba. Na matsa, muka jera. Bayan tafiyarsa na sake sallar saboda kokwanto. Amma tun yana goye ban ga ya saki jiki haka ba.

Ƙanwarki,
Haulatu

Funtuwa

Haulatu,

Wa'alaikumus salam. Ke da muke tutiya da karatunki! Ni Ja'afar na haifa, da sunan aka yanka rago. Amana na ba ki, ba ɗaurin ɗankwali ba. Kin manta dukan da yayyensa suka yi masa a zaure? Sun rantse in ya dawo da wannan hali ba zai tsallake ƙofar gidan nan ba, Malam kuwa bai hana su ba.

Yana cin abinci? Kada ki sa masa yaji, yana da gyambon ciki.

Yayarki,
Zuleiha

Bin Omran, Doha

Yaya,

Bayan gaisuwa, abin da nake tsoro ya faru. Kausar ta roƙe ni lalle, na sa mata a yatsun ƙafa, inda safa ke rufewa. Tana barci wani ɗan ɗakinsu ya zare safar da wasa, ya ɗauki hoto. "Iyye, ashe amarya muke kwana da ita!" Kafin azahar hoton ya isa wurin manajan otal ɗin. Kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, ya ce khalas, magana ta ƙare, ya soke bizarta.

Na roƙi likitan da nake wa girki ya sa baki. Ya ce, "Hajiya, ni ma baƙo ne a ƙasar nan."

Alhamis jirgin Kausar zai sauka Kano. Ta kankare lallen da dutse har yatsun suka yi jini. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Inna, in na fito, wace mota zan shiga?"

Ban ce ki kira ta da sunan ba, Yaya. Ki faɗa mini kawai ko za ta tarar da ke a filin jirgi. Don Allah ki amsa da wuri.

Haulatu