Ƙofar da Matar Manu Ta Liƙe da Laka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Daga yayarka Hansai, 'yar Malam Jinjiri na Runka, wadda ke zaune yanzu a Birnin Katsina, zuwa ga ƙanena Armaya'u, mai masaukin baƙi a Kukawa ta ƙasar Barno. Gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da tsayuwar addini, kai da Fanta da duk wanda ke ci a ƙarƙashin inuwarka. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Daminar bara ta yi albarka a Zakka, gero ya cika rumbu. 'Yata Rahmatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata sunan Inna, Allah Ya jiƙanta. Gwaggo Safiyyatu idanunta sun yi rauni, amma har yanzu daga takun mutum take gane shi, kuma ba ta fasa tambayar yaushe za ka zo ba.

Bayan haka, ka ga na ce Katsina, ban ce Zakka ba, sai in faɗa maka dalili. Ka san Malam, maigidana, ya shekara ashirin yana rubuta littattafai da hannu ga masu so. Wani littafi da ya rubuta ya faɗa hannun wani babban malami na birni, Malam Ɗantsoho, mai makaranta a tsakiyar gari. Ya yaba da hannun, ya aiko a kira shi ya zauna kusa da shi ya riƙa rubuta wa makarantar littattafai. Malam ya yi istihara ya amsa, muka ɗaure kaya bayan girbi. Ka kuma tuna cewa tun da kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne nauyin da ke kaina a duk abin da zan faɗa.

Da muka iso, wuri biyu aka nuna mana. Na farko gida ne da ke bayan makarantar, taku kaɗan tsakani, mai zaure da soraye uku da rijiya a tsakar gida da itacen kurna. Malam Ɗantsoho ne ya nema mana shi wurin mai unguwa, aka ce gidan ba kowa, mu shiga. Na biyu ɗakuna biyu ne na ciyawa can wajen Ƙofar Yanɗaka, cikin mutanenmu na ƙasar Ruma masu sayar da itace da gawayi, rijiya ɗaya ga gida goma sha. Daga can zuwa makaranta, mai lafiyar ƙafa ma sai ya yi gumi. Ba na jin akwai mai hankalin da zai tsaya zaɓe tsakanin waɗannan biyu, ni ma ban yi niyyar tsayawa ba.

Na lulluɓa da hantsi na je in ga gidan kafin a kai kaya. Na sami soraye biyu a buɗe, sai gizo-gizo da kashin jemage. Na uku kuwa, na can ƙurya, an liƙe ƙofarsa da laka daga sama har ƙasa, kamar yadda ake liƙe bakin rumbu. A tsakiyar lakar akwai sawun hannun dama na mace, an danna shi tun lakar tana ɗanya. Ƙaramin yatsan bai cika ba, gaɓa ɗaya babu. Ina tsaye ina kallo, sai wata tsohuwa maƙwabciya mai sayar da daddawa, Tasalla, ta leƙo ta katanga, ta ce ashe magajiya ce ta zo duba gadonta, to sannu da zuwa, amma ita ba ta ji an yi jana'iza ba. Na gaishe ta yadda ya kamata, na ce Iya, ni baƙuwa ce, ki sanar da ni abin da ban sani ba.

Ta ce gidan na wani baduku ne, Manu, da matarsa Zuwairatu, ba su da ɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da suka bi ayari zuwa aikin hajji. Safiyar tafiya Zuwairatu ta tara tukwanenta da ƙorenta da tabarmin aurenta a ɗakin, ta kwaɓa laka da kanta ta liƙe, ta danna hannunta, ta ce wa Tasalla ta riƙa duba mata indararo idan damina ta zo, kada ruwa ya kwanta a kan soron. Mai unguwar da aka bar wa amanar gidan ya rasu, wanda ya gaje shi ya ce shekara goma sha ɗaya ta isa, kango a tsakiyar unguwa maɓoyar macizai ce. Tasalla ta ce ita dai tana sa a share indararon duk shekara, ba don tana da tabbacin za su dawo ba, sai don ba wanda ya zo ya ce mata ta daina.

Na komo masauki na ce wa Malam ba zan iya kwana a gidan nan ba. Na ce wanda ya bar wuri har abada yakan kwashe kayansa ko ya rabar, wanda ya liƙe ƙofa kuwa yana nufin ya dawo ya buɗe. Malam bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Ya ce mai unguwa yana da ikon duba maslahar gidan da mai shi ya ɓace, kuma zama a gida shi ke hana shi faɗuwa, muna iya barin ɗakin a liƙe mu zauna a sauran. Ya buɗe littafi ya nuna mini wurin, na karanta da idona. Ban sami abin da zan mayar masa ba ta fuskar ilimi, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Ya yi murmushi ya ce shekara ashirin da biyar yana zaune da alƙali bai sani ba, sai da aka zo birni. Da labari ya kai ga Malam Ɗantsoho, ransa bai yi daɗi ba. Ya aiko cewa shi marubuci ya ɗauka, ba a gaya masa akwai mai fatawa cikin kayan ba, kuma rubutu da hasken safe ake yinsa, wanda zai taso daga bakin ganuwa da gurguwar ƙafa rana za ta riga shi isowa.

A nan ne na zauna na tuhumi kaina, kuma ina so ka ji tuhumar, don kada ka ɗauke ni abin da ban kai ba. Na ce, Hansai, tsentseni ne wannan ko girman kai ne ya sa rigar tsentseni? Ke za ki zauna a ɗaki kina jin daɗin zuciyarki ta natsu, ƙafar wani ce za ta biya. Ibadar da wahalarta ke kan wani abar tsoro ce. Na yi kwana uku ina juya wannan, ina azumi, har na gano tushen abin, kuma ba daga littafi ya fito ba.

Kai ba za ka tuna ba, kana goye. Shekarar da mahara suka sauko daga arewa, muka gudu daga Runka zuwa cikin duwatsu, daga nan muka wuce wurin kawu a Babban Duhu, muka yi damina biyu. Ina da shekara tara ranar da muka komo. Tun daga bakin hanya muka ga hayaƙi yana tashi daga madafar Inna. An ɗauka mun mutu, an ba wasu gidan, mutanen kirki, su ma gudun hijira ya kawo su. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta, kana bayanta, ta yi sallama sau uku kafin a amsa. Matar da ke zaune a gidan ta fito ta ba ta ruwa a ƙwaryar da Inna ta ɗinke tsagarta da hannunta. Inna ta karɓa ta sha, ta yi godiya, ta mayar. Baba bai yi jayayya ba, ya gina wani a gefen gari, shi ne wanda ka sani. Amma har ta koma ga Allah, Inna ba ta sake bin wannan lungun ba, ko da zagaye zai ninka mata tafiya. Ba wanda ya zalunce mu da gangan, an bi abin da aka ga ya dace. Duk da haka na ga fuskarta lokacin da take sallamar nan, kuma ba zan zama matar da ke fitowa da ƙwaryar ba.

Na faɗa wa Malam wannan duka, na ce ba hujja ce ta shari'a ba, rauni ne nawa, idan ya umarce ni in shiga zan shiga, domin hakkinsa ne, amma ina roƙonsa kada ya umarta. Washegari ya ɗauki sandarsa ya je gidan shi kaɗai. Tasalla ta ba ni labari daga baya cewa ya daɗe tsaye gaban ƙofar yana kallon hannun. Da ya dawo sai ya ce in shirya kaya, Ƙofar Yanɗaka za mu. Ya ce har yanzu yana ganin hukuncin yadda ya gani, amma ba duk abin da ya halatta ne mutum yake iya haɗiyewa ba, kuma ba zai sa ni in yi salla inda zuciyata ke waje ba.

Yanzu wata biyu ke nan muna can. Na aika Zakka an kawo jakar nan tamu mai farin baki. Kullum bayan asuba Malam yakan hau ta ya bi masu itace zuwa cikin gari, suna yi masa ba'a wai a cikin itacen yau shi ne ya fi bushewa, shi zai fi saurin kamawa, shi kuma ya ce su sayar da shi da daraja. Na karɓi dafa tawada da fiƙe alƙaluma, don ya isa ya zauna ya fara ba tare da ɓata haske ba. Bai makara ba ko sau ɗaya, Malam Ɗantsoho ya daina magana, ko da yake bai saki fuska ba tukuna. Amma da yamma nakan ga yadda yake sauka daga kan jakar, nakan ɗora ruwan zafi in gasa masa ƙafar, ba ya ƙorafi, ni kuwa ba na iya ɗaga ido. Ban sani ba ko na yi daidai. Na san dai ba zan janye ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙin shigarmu bai tsare gidan ba, domin mai unguwa ya ce zai ba wani, wanda kuma ba lalle ya bar lakar nan ba. Malam ya je ya roƙe shi, ya yarda ya dakata har ayarin da ya ɗauko wannan takarda ya komo, bisa sharaɗin mu za mu yi wa sorayen yaɓe kafin ruwa ya sauka, mu kuma share kangon. Mun ɗauka. Daga ranar da ayarin ya shigo gari ba da amsa ba, maganar ta fita daga hannunmu. Kai kuwa Allah Ya zaunar da kai a kan hanyar alhazai, masu zuwa da masu dawowa a zaurenka suke kwance kaya. Ka tambayi kowane, musamman waɗanda suka daɗe a hanya suna sana'a don guzuri. Manu baduku ne, Bakatsine, dogo, an ce yana da in'ina idan ya yi sauri. Zuwairatu ƙaramin yatsanta na dama ya guntule, Fanta ta duba cikin mata. Ka aika tambaya gaba wajen Wadai ta bakin wanda ka amince da shi. Kada ka ce aikin ya yi yawa, ban taɓa roƙonka kome ba tun da ka tafi.

Idan ka ji sun rasu, ka samo shaidu biyu da suka sani, ka rubuto sunayensu, a nemi magada a yi abin da shari'a ta ce, ni kuma in huta. Idan sun zauna can ba su da niyyar dawowa, ka karɓo maganarsu a kan gidan, ko sun ba da izini ko sun hana. Idan ba ka ji kome ba, ka rubuto hakan, kada ka ƙaga abin da zai kwantar mini da hankali.

Ka gaishe da Fanta, ka ce na gode da turaren da ta aiko bara, na raba wa Rahmatu. Malam yana gaishe ka, Gwaggo Safiyyatu tana sa maka albarka. Ka yi wa Inna da Baba addu'a, ka sa Malam cikin addu'arka saboda ƙafarsa, ka roƙa mini Allah Ya yafe mini idan son zuciya ne na kira da wani suna.

Idan kuwa Allah Ya sa wata rana suka sauka a zaurenka suna kan hanyar gida, ka gaya wa Zuwairatu indararonta a share yake, hannunta yana nan inda ta danna shi. Ka ce mata idan ta iso, ta wuce ciki kai tsaye, ba sai ta yi wa kowa sallama ba.

Aminci ya tabbata a gare ka. Daga yayarka mai neman gafarar Ubangijinta, Hansai, an rubuta a Ƙofar Yanɗaka cikin watan Rajab.