Farar Motar Lyle

Karolina ta Arewa, watan Yuni

Zuwa ga matata Nadine,

Wata biyar ke nan rabona da gida, sai yau na sami zama in rubuto miki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Mama da ƙafar nan tata. Da fatan an gama shukar masara kafin ruwa ya yi yawa. Ki gaida ƙaninki Merle, ki ce na gode da ya riƙe mini gonar. Mu nan lafiya, sai gajiya.

Kin ce kin ga sunan Lyle a talabijin sau uku, duk sau ukun yana can ƙasan jeri, an rubuta "birki" a gefensa. Har kina tambaya ko ubansa ya manta gyaran birki ne. Ban manta ba. Birkin lafiyarsa ƙalau. Ɗanki ya hana ni gaya miki, ni kuma na gaji da rufewa.

Mista Goins, mai garejin da ya ɗauke mu, motoci biyu yake sawa a tsere. Ta farko ita ce ta gaske. Wani yaro Dax Ledwell ke tuƙa ta, ubansa mai shagunan katifa ne a jihohi uku, shi ke biyan kuɗi, sunansa ne a jikin motar. Ta biyu ita ce ta Lyle, fara fat, ba talla sai lamba. Aikinta ta shiga tsere, ta yi zagaye goma sha biyar, ta shigo gareji, a ce birki ya lalace. Ko na ƙarshe ka zo akwai ladan da ake biya, kuma ladan nan ne ke sayen tayoyin Dax. Kowa ya sani. Ba a zuba mata mai sai na zagaye ashirin da 'yan kai. Ba a sa mata sabuwar taya, sai waɗanda Dax ya cinye wajen gwaji. Ni ne makanikenta, ni kuma nake hawa saman rumfar 'yan kallo da rediyo ina zame masa ido. To muryata yake ji duk Asabar: "Shigo, Lyle, ya isa."

Yaron da ya ci kofi biyu a filin garinmu, wanda kike rufe ido in ya shiga kwana, yanzu "Mai-fakin" 'yan gareji ke ce masa. Makon jiya wani ya rataya masa rigar masu jera motoci a otal. Ya yi dariya tare da su, har ya sa ta suka ɗauki hoto.

Ba zan zalunci Goins ba. Bai ɓoye mana komai ba ranar da muka zo, albashi ba ya wuce Juma'a, kuma shi kansa waken gwangwani yake ci a tsaye. Ya yi wa Lyle alkawari: in ya yi haƙuri, zai ba shi tseren ƙarshe na bana cikakke, da sababbin tayoyi da cikakken tanki, zagaye ɗari biyu. Abin da ya zaunar da mu ke nan. Masu manyan gareji ba su san filin garinmu ba. Sai sun ga yaro ya gama tsere da idonsu kafin su tambayi sunansa.

Kada ki nuna masa kin sani. In ya bugo waya, ki tambaye shi birki kamar kullum.

Naki,
Vernon

Watan Oktoba

Nadine,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji Mama ta fara takawa da sanda, na gode Allah. Wainar da kika aiko ta iso a farfashe, amma mun cinye.

Duk bazarar nan na yi ta haɗa mota ta uku saboda tseren Lyle. Kujerarta ma da jikinsa aka auna, don kowane direba da tasa. Ranar Talata Goins ya kira mu ofis. Ya ce mai katifa yana da ɗan ƙane da yake sha'awar gwada tsere, kuma ya riga ya biya. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Lyle, ka fi su iyawa, su biyun a haɗe, na sani. Amma in na ce wa mutumin nan a'a, Janairu rufe ƙofar nan zan yi, mutum tara su rasa aiki, har da tsohonka." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Da hannuna na kwance kujerar Lyle na ɗaura ta yaron. Da ya zo gwadawa sai da aka nuna masa yadda ake ɗaura bel.

Lyle ya je wani gareji neman aiki. Mai wurin ya ce, "Tsere goma sha shida, ba ka gama ko ɗaya ba?" Lyle ya ce ai kowa ya san dalili. Mutumin ya ce, "Ni na sani, ɗan samari. Masu biyan kuɗin talla fa, wa zai je ya yi musu bayani?"

Jiya muna cin abinci ya ce mini, "Baba, ranar Asabar ta ƙarshe ka cika mini tankin farar motar. Shi ke nan abin da nake roƙo. Ba zan shigo ba." Na ce tayoyin fa? Ya ce zai lallaɓa su. Na ce Goins fa? Ya ce in ya gama cikin goman farko, Goins ya yi duk abin da zai yi. Ya kafe ni da idon nan naki. Na ce na ji.

Ki sa mu a addu'a ranar Lahadi. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Vernon

Watan Nuwamba

Zuwa ga Nadine,

Ina gaishe ki, ina fata sanyi bai matsa muku ba, kuma Merle ya gyara tukunyar ɗumama ɗaki. Na san kin kalli tseren, na kuma san Lyle ba ya ɗaukar wayarki. Ba ke ya yi wa fushi ba. Bari ki ji daga bakina.

Safiyar Asabar aka turo mini tayoyin da Dax ya gama da su. Na shafa ta gaban dama, wadda duk nauyin mota ke hawa kanta a kwana. Ta suɗe. Filin nan ba irin namu ba ne, Nadine, gudun ya ninka, kuma bangon kankare ne. Na taɓa share gilashi da jini a inda irin wannan taya ta fashe. Na ɗauki jarka na zuba mai kamar kullum, na rufe tanki. Ban gaya masa ba, don na san in na faɗa zai sami wani ya cika masa. Da zai shiga mota ya ce, "Baba, an yi?" Na ce, "Sa hular kwanonka."

Daga matsayi na goma sha huɗu ya tashi. Kin ga abin da ya biyo baya, amma talabijin ba ta nuna rabinsa ba. Ta gefen waje na hanya yake bi, gab da bango, inda sauran ke tsoro. A zagaye na goma ya wuce ɗan ƙanen mai katifa da ke cikin motar da na haɗa don Lyle. A na goma sha biyar Goins ya ce a rediyo in kira Lyle. Na ce, "Shigo, Lyle, ya isa." Ya ce, "Ba na jinka, Baba, rediyon ma birkinsa ya lalace." 'Yan rumfa da ke jin tasharmu suka fashe da dariya. Goins yana zagi, yaron yana wuce motoci. Da ya kamo Dax, ya ɗan taɓa bayansa a kwana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Gafara dai, mai katifa, je ka kwanta." Ya zama na biyar. Mutane suka miƙe tsaye saboda motar da ba ta da suna. Wani mai babban gareji da ke kusa da ni ya sauke madubinsa na hangen nesa ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce ɗana ne. Ina faɗa ina ƙirga zagaye a zuciyata, don ni kaɗai a filin nan na san abin da ke zuwa.

A zagaye na ashirin da bakwai mai ya ƙare, inji ya yi tari a gaban babbar rumfa. Motar ta yi ta gangarawa, duk waɗanda ya wuce suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kafin ƙofar gareji. Aka ɗaga tuta rawaya ta a rage gudu, motar turi ta zo ta tura shi. Waɗanda suka miƙe ɗazu suka koma yi masa ihu. Sai na ji muryarsa a kunnena, a hankali: "Baba, nawa ka zuba?" Na ce kamar kullum. Ya zare wayar rediyon.

Goins ya kore shi tun kafin a gama tsere. Ya ce ba zai ba da mota ga wanda ba ya jin kira ba, kuma ban ga laifinsa ba, motarsa ce. Abin da ba zan yafe masa ba shi ne ya juyo gare ni a gaban yaron, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka cece mini mota, dattijo. Baɗi da ƙarin albashi." Lyle yana tsaye da hula a hannu. Kafin Litinin labari ya zaga duk garejojin garin nan cewa ɗana ba ya jin maganar maigida. Mutumin nan mai madubi bai sake tambaya ba.

Na kwance tayar na kai wa Lyle masauki. Wayar cikinta ta fara leƙowa ta gefe. Ba zan yi miki ƙarya ba: tana iya fashewa bayan zagaye biyar, tana kuma iya kaiwa hamsin. Ban sani ba, kuma ba wanda zai taɓa sani. Ya dube ta ya ce, "Da ka ce mini ba za ka yi ba, da na ji haushi mako ɗaya. Amma ka ce ka ji. Ka bar ni na zaci ina da tsere." Na ce na zaɓi ɗa mai jin haushina a kan ɗa a akwati. Ya ce, "Wuyana ne, Baba, da ka tambaye ni." Ya kwashe kayansa a ranar.

Yanzu yana aiki a wani fili inda masu yawon buɗe ido ke biya a ɗauke su a motar tsere. Zagaye uku yake yi da su, ya shigo, a ɗauki hoto, wani ya hau. An ce suna yabon hannunsa. Na je sau ɗaya na tsaya a bayan shinge, ya gan ni, ya rufe gilashin hularsa.

Na karɓi aikin Goins na baɗi. Kada ki tambaye ni dalili, ba na so in yi nisa da garin da yaron yake. An riga an samo wanda zai tuƙa farar motar, wani ɗan shekara goma sha takwas daga Ohayo, ya zo da uwarsa tana ta godiya. An yi masa alkawarin tsere ɗaya cikakke a kaka.

Zan zo Kirsimeti in bas ta samu. Kada ki shirya gado biyu, ni kaɗai zan zo. Ki gaida Mama da Merle, ki ci gaba da buga masa waya ko bai ɗauka ba.

Kin tambayi abin da na tara a wata goman nan. Bayan haya da abinci da kuɗin bas, dala dubu biyu da ɗari ɗaya da arba'in ne. Sababbin tayoyi huɗu dala dubu biyu ne.

Naki har kullum,
Vernon