Harshen Goggo da Ruwan Soda

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Gwandu. Na zo gida na tarar Goggo Jummai ta sayo soda, farar nan mai kama da gishiri, wai da ita za ta dafa wa 'yarta Safiya sabulun wankan jego. Shekara talatin da ruwan tokar kara take yi, yanzu ta ce tatar toka ta gajiyar da ita. Na ce, "Goggo, wannan fa ba toka ba ce." Ban ƙarasa ba ta ce, a gaban mata biyar, "Ku ji ɗiyar boko. An kai ta Kalgo wankin kwalabe, ta dawo koya mini sabulu. Uwarki ma har ta mutu ko kunu ba ta iya ba."

Suka yi dariya. Har Safiya, da cikinta haihuwa yau ko gobe.

Goggo ce ta riƙe ni, na sani. Ai kullum sai an tuna mini. Na ƙulle soda kaɗan a leda, na zuba ruwan tokarta a gora.

Litinin, 5 ga Mayu

Kalgo. Bayan darasi na tsaya a ɗakin gwaji na tsoma takardar pH, mai auna tsami ko kaifin ruwa. Ruwan famfo bakwai, tsaka-tsaki. Lemun tsami biyu. Ruwan tokar Goggo sha ɗaya. Soda kuwa, da na jiƙa ta yadda na ji Goggo ta ce za ta jiƙa, sha huɗu. Ƙarshen ma'aunin ke nan.

Malaminmu Dakta Sirajuddeen ya sha faɗa mana kowane mataki ninki goma ne. Mataki uku, ninki dubu.

Goggo ba ta auna ruwan sabulu da komai sai baki. Ta kurɓa, ta juya, ta tofar, ta ce ya yi ko bai yi ba. "Harshena ne ma'aunina," haka take taƙama.

Laraba, 7 ga Mayu

Na ɗauki waya sau biyu zan gargaɗi Goggo, na ajiye. Uwata ta iya kunu. Ina tuna ƙamshinsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Da hantsi Goggo ta jiƙa sodar a roba. Ruwan ya yi zafi ba wuta, ta ce to ka ji abu mai kyau. Da ya huce ta ɗebo a ludayi, ta dube ni a ɗage. "To malama, me takardarki ta ce?"

Takardar tana cikin jakata. Na ce, "Ɗanɗana mana, Goggo. Ai harshenki ya fi takardata."

Ta kurɓa.

Ban san tsohuwa tana irin wannan ƙara ba. Ta tofar, tana yarfa hannu, miyau na zuba. Wata maƙwabciya ta rugo da lemun tsami, wai tsami ke kashe kanwa. Na buge hannunta, na danna kan Goggo ƙasa, na yi ta kwarara mata ruwa a baki tana tofarwa, har randa ta ƙare. Sai asibiti.

Gaskiya a nan kaɗai zan faɗa: kafin tsoro ya zo, sai da na ji sanyi a raina. Na ce yau harshen nan ya gamu da gamonsa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Fatar harshen ta saɓule, leɓen ya kumbura. Ba ta haɗiye ba, Allah ya taƙaita. Kowa sa mini albarka yake, wai ilimina ya cece ta. Na karɓa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Juma'a, 16 ga Mayu

Safiya ta haihu, mace. Da sabulun kanti aka wanke ta. Na miƙa hannu zan ɗauka, Safiya ta janye 'yarta, ta ce a hankali, "Ummulkhairi, ina wurin. Kin sani." Na ce ita ma ai tana wurin ranar dariya.

Ban ci abinci ba. Zafi ne ake yi.

Asabar, 31 ga Mayu

Goggo ta soma shiga madafa. Maganarta ba ta fita sosai, kuma ba ta jin gishiri ko yaji. Yau ta miƙo mini ludayin miya ba tare da ta dube ni ba. "Ɗanɗana mini, ɗiyata."

Gishiri kamar an juye buhu. Na ce ta yi daidai, na cinye tuwona tas.

Na dafa zoɓo ba sukari na zuba a kwalba, na nuna mata: in an ɗiga masa ruwan toka ya koma kore, in soda ce ya koma ruwan ɗorawa. Ta daɗe tana kallon kofin. Ta ce, "Da ma kin sani tun ranar?"

Na ce zan je in wanke kwalbar. Ba don ita na yi zoɓon ba, ina da gwaji ranar Litinin. Motar Kalgo ta tashi ban bi ba, gobe akwai miyar da zan ɗanɗana mata.