Wata Huɗu Ina Karanta wa Ƙanwata Littafin da Babu Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Na san wasu za su ce a kan littafi take wannan kuka, wallahi abin ya wuce littafi.

Ni budurwa ce, ina gaban iyayena a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, ɗinki nake yi. Ina da ƙanwa, bari in kira ta Nana, shekarunta goma sha biyar. Shekara biyu da suka wuce sanƙarau ya kama ta, Allah ya tashe ta amma idanun suka tafi. An kai ta Maradi har sau biyu, likita ya ce sai dai haƙuri. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajinsu a lakol, mai surutu kamar rediyo, ta koma ƙuryar ɗakin Inna, ko tsakar gida ba ta fitowa sai an jawo ta, abinci ma sai da faɗa.

Cikin wannan halin na ci karo da wani littafi da wata marubuciya ke sakewa shafi shafi a waya, ba zan faɗi sunanta ba. Labarin wata yarinya ce makauniya, Tsahara, wadda ke jin maganar rijiyoyi. Rijiyoyi bakwai na ƙasarsu suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarƙashinsu akwai wani birni da haske bai taɓa shiga ba, duk mai ido da ya sauka ɓacewa yake, ita kaɗai ke iya gane hanya da kunne. Garinmu rezo, wato sabis na waya, sai an hau jigawa bayan gari, to kullum da safe nakan hau in sauko da sabon shafi, bayan la'asar in zauna bakin ƙofar ɗakin Inna ina karantawa da ƙarfi kamar don kaina nake. Kwana uku Nana ta yi kamar ba ta ji. Rana ta huɗu na tsaya shan ruwa, sai na ji daga ciki an ce, "Yaya, to mi rijiyar ta ce mata?" Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini.

Haka muka cinye littafi na ɗaya da na biyu. Ta fara fitowa tabarma, ina karatu tana ɓarar gyaɗa, tana musu da ni a kan wa ke kashe rijiyoyin. Na biyu ya ƙare Tsahara tana tsaye bakin rijiya ta uku da igiya a hannu za ta sauka. Wata guda muka yi muna jiran na uku.

Ranar da ya fito, wannan karon gaba ɗayansa aka saki, a kan jigawar na fara leƙawa, kuma nan na zauna daɓas cikin rairayi. A shafin farko wani ɗan sarkin aljanu kyakkyawa ya ɓullo, ban san daga ina ba, ya sa mata wani kwalli idanunta suka buɗe tar. Daga nan ta daina jin rijiyoyi, ba a ma sake zancen ba. Marubuciyar har ta rubuta wai yau Tsahara ta zama cikakkiyar mutum. Sauran littafin kuwa soyayya ce, da kalar kayan da ta sa, da turaren da ya fesa, da fushi da lallashi, shafi ashirin ana kwatanta gadon zinariya. Ina birnin duhu? Ina tsohuwar mai saƙa igiya da aka ce ta san sirrin rijiya ta bakwai? Ina mutanen da ke mutuwa da ƙishi? Abin da ya fi ƙona mini rai, matar nan ta iya rubutu, ba wai ba ta iya ba, ta riƙe abin da ban taɓa ganin irinsa da Hausa ba ta watsar da hannunta. Na yi mata magana a gurup ɗinta cikin ladabi, masoyanta suka yi mini ca, wata ta ce baƙin ciki nake, wata ta ce in na iya in rubuta nawa. Kafin azahar an cire ni.

Da la'asar Nana ta shimfiɗa tabarma da kanta, ta ajiye mini ruwa. Na buɗe wayar, na kalli wannan layin na cikakkiyar mutum, na kalle ta, bakina ya ƙi. Sai kawai na ji ina cewa Tsahara ta ɗaura igiya a ƙugu ta fara sauka. Daga kaina na ci gaba. Na ce a raina na yau kaɗai ne, gobe zan gaya mata.

Yau wata huɗu ke nan. Kullum ina taka keken ɗinki ina ƙulla abin da zan faɗa, har na taɓa ɗinke wuyan rigar mutane. Da safe dole in hau jigawa ko ban da abin saukewa, don kar ta gane. In ina karatun ina riƙa shafa allon wayar da yatsa, saboda tana jin motsin. Ran nan wayar ba ko sharji, a mace na riƙe ta na yi shafi guda. Inna ta gani, ba ta yi karatu ba amma ta san wayar da ke mace. Bayan Nana ta shiga wanka ta tsare ni ta yi mini faɗa sosai, ta ce ƙarya ƙarya ce ko da me aka yi ta, makaho kuma amana ne, bakin da ya yarda da shi shi ne idonsa. Na ce to in daina? Ta ce yarinyar dai ta fara cin tuwo. Ta shige madafa ta bar ni nan, har yau ba ta ce in daina ba, ba ta ce in ci gaba ba.

Kuma ni ba marubuciya ba ce, abin da na sani shi nake zubawa. Na sa gawon da ke kusa da rijiyarmu, na sa shanun Fulanin da ke shayarwa da hantsi, har Nana ta ce matar nan tabbas ta taɓa zuwa yankinmu. Satin da ya wuce ta ce in raka ta rijiya. Shekara biyu rabonta da wajen gida. Ta zura guga da hannunta, ta kasa kunne ta ce ya taɓa ruwa, kafin ni mai ido in gani. Matan da ke wurin suka yi ta sa mata albarka, ni kuwa na juya ina goge fuska da mayafi.

Yanzu ga inda na maƙale. Ɗiyar kawuna da ke karatu a Maradi za ta zo hutun bakans nan da sati biyu, ta karanta littafin na gaske har ƙarshe, kuma ba ta iya riƙe magana, ko na roƙe ta sai ta suɓuce mata. Nana har ta fara lissafa tambayoyin da za su yi musu a kai. Ga shi na kai Tsahara bakin rijiya ta bakwai, kuma wallahi ban san abin da ke ƙasanta ba, kwana biyar ina jan labarin kamar roba, kaina ya ƙafe. In na gaya mata gaskiya, tsorona ta koma ɗakin nan, ta ce har ni na mayar da ita abin tausayi, kuma dole ta tambaye ni abin da na ɓoye, da wane baki zan karanta mata layin nan? In na yi shiru ta ji a bakin wani, ya fi muni.

Jiya ta karɓi wayata ta ce in danna mata, za ta yi wa marubuciyar saƙon murya. Na danna. Ta gyara zama kamar matar na gabanta, ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, kullum ina tsoron ki buɗe mata ido, don ni nawa ba su buɗewa. Na gode da kika bar ta yadda take." Ta ce in na hau jigawa in tura.

Saƙon yana nan cikin wayata, ban tura ba, na kasa gogewa. Yanzu haka a kan jigawar nake rubuto muku, kuma na san ina shiga gida za ta ji takuna ta tambaye ni ko an ba ta amsa. Don Allah 'yan uwa, me zan ce mata?