Wanda ya kashe shanun mahaifina yana cikin ƙungiyarmu ta sulhu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Adimin a taimaka a ɓoye sunana, mutanen yankinmu suna da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, domin abin da zuciyata take raya mini kwanakin nan ni kaina tsoro yake ba ni.

Ni ɗan wata ruga ne kusa da Ɗanzomo, muna noma muna kiwo, amma ina da shagon maganin dabbobi a Maigatari. Shekarun baya wani tsohon hedimasta ya kafa wata 'yar ƙungiya ta sasanta manoma da makiyaya, shi ne ciyaman ɗinmu har yau. Ina cikin mutanen farko da suka yanki katin memba. Ba gwamnati ce take ba mu ba, mu muke haɗawa, kowa da abin da ya sawwaƙa. Ni na sayi kujerun da ake zama a kai da lasifika, ɗakin bayan shagona nan ake mitin, in rigima ta tashi a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar mashin ɗina ake hawa, man ma ni nake zubawa. Ban taɓa jin ƙyashi ba, na ɗauke shi aikin lada.

Shekara uku da suka wuce aka zuba wa shanun mahaifina guba. An kwaɓa ta da dusa aka ajiye a bakin burtali, hanyar da suke bi zuwa mashaya, kafin la'asar yawancinsu sun kwanta. Ina sayar da maganin dabbobi amma ina tsaye suna shure-shure ban iya ceto ko ɗaya ba. Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, ya zauna a ƙasa yana kiran sunayensu. Bayan sati biyu ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake tashi ba har Allah ya karɓi abinsa.

A lokacin ƙannena biyu sun yi niyyar shiga ƙauyen da muke zargi, ni na tare su. Na ce ba mu san wanda ya yi ba, a bar wa ƙungiya ta bincika. Ƙaramin ya ce na sayar da Baffa saboda a riƙa kirana mutumin kirki, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ciyaman kuma ya ce an bincika ba a gano kowa ba, na yarda.

Bayan nan wani manomi daga ƙauyen ya shigo ƙungiya, zan kira shi Sale, ba sunansa ba ne. Mutum ne mai baki, in ya yi magana a taro kowa sai ya yi shiru. Ciyaman ya riƙa haɗa mu tafiya, wai manomi da Bafulatani a mashin ɗaya shi kansa wa'azi ne. Shekara biyu ina goya mutumin nan, mun ci a kwano ɗaya, ranar sunan ɗansa rago na kai masa. Ya zo rugarmu, Innata da hannunta ta dama masa fura.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci sai ga su shi da ciyaman, suka ce mu shiga ɗakin baya. Sale ya durƙusa yana kuka, ya ce zai tafi Umara kuma ba ya so ya je da nauyi a wuyansa. Ya ce shanunmu sun taɓa cinye masa wake, ya kai ƙara ba a yi komai ba, shi ne ya saka gubar, wai ya zaci biyu ko uku za su ci. Na kalli ciyaman ina jiran in ga ya girgiza, sai ya ce mini, "Ɗana, na sani tun satin da abin ya faru. Da na faɗa da an binne mutane, shi ya sa na jawo shi kusa da kai."

Wallahi maganar nan ta fi ta Sale ƙona ni. Dattijon da nake gani kamar uba, ashe yana kallona ina goya wanda ya kwantar da Baffa, yana ganin dabara ya yi. Na buɗe musu ƙofa kawai suka fita. A bakin ƙofa Sale ya ce zai biya a hankali, in ya sayar da riɗinsa zai fara. Wa zai biya? Wanda za a biya yana cikin kabari.

Ba zan yi muku ƙarya ba, so nake ya ɗanɗana. So nake ya zauna a ƙasa yana kallon abin da ya tara yana ƙarewa. Riɗinsa yana tsaye a gona an yanka an jingine, sau biyu ina bi ta wajen da mashin ba tare da wani dalili ba. Ba sai na taɓa komai da hannuna ba, kalma ɗaya zan gaya wa ƙannena. Wani lokacin kuma sai in ce a'a, in bari sai ranar mitin, kowa ya hallara, in miƙe in tona su su biyun, in kwashe kujeruna in rufe ɗakin, ciyaman ya ga yadda ake rusa abin da mutum ya yarda da shi.

Abin da yake riƙe ni shi ne kaka ta yi, shanu sun fara gangarowa, wannan ne lokacin da ake kiranmu kusan kullum. In ƙungiyar nan ta watse yanzu babu Bafulatanin da zai sake sauraron maganar sulhu, kuma na san akwai gidajen da suke zaune lafiya yau saboda zaman da muka yi. Matata ta ce in kai wa hukuma, amma ranar da aka kama shi ƙannena za su ji, kuma ba kotu za su jira ba. Inna ba ta san komai ba, jiya ma ta tambaye ni ya abokina, yaushe zai tashi, a gaya masa ya yi wa Baffa addu'a a can.

Asabar mai zuwa ne mitin, Sale kuma ya ce zai dawo jin ko na yafe masa kafin ya tafi. Don Allah kar ku ce mini in yi haƙuri kawai, shi na yi shekara uku. Ku gaya mini, in tona su a gaban jama'a ko in kai shi ga hukuma duk abin da zai faru ya faru? In kuma shiru zan yi, ina da haƙƙin ɓoye wa Inna da ƙannena wanda ya yi wa Baffa haka, ko ni ma na zama ciyaman ke nan?