Kunne Ne Nawa

Lambara, 6 ga Maris, 1983

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Gaisuwa mai yawa, ya Shatu da yara? Inna tana gaishe ku.

Ciwon bushiya ya shigo Mandera, shanu na faɗuwa. Waɗansu malaman dabbobi sun sauka Shagari suna allurar rigakafi, na kora namu can, suka mayar da ni. Wai duk saniyar da aka yanke wa kunne an riga an yi mata, magani bai isa a maimaita ba. Na ce haka ne, ayarinku ya yi musu da kaka, ƙanena ma shi ya yanke kunnen da hannunsa.

To amma jiya bijimin maƙwabcinmu Mode ya mutu, kuma kunnensa yankakke ne. Mi ke nan? Kai ka san aikin.

Yayanka,
Na'Allah

Bodinga, 9 ga Maris, 1983

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na karanta takardarka, na rasa ta inda zan fara.

Maganin nan sai da sanyi yake rayuwa. Da kaka firjin ofishinmu ya yi kwanaki a mace, babu kananzir, an ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ranar da muka zo Lambara na taɓa kwalbar na ji ta da ɗumi. Na gaya wa mai allura, ya ce shi tsirawa ce tasa. Direba ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi. Mai sito ya ce makulli ne nasa, ba kananzir ba. Da na je wurin shugabanmu sai ya ce, "Maniru, kai kunne ne naka, tsaya kan kunne." Na tsaya kan kunne, Yaya. Kuma wallahi na yanka da kyau.

Tun jiya nake juya maganar. Ban tsira wa saniya ko ɗaya allura ba, ban kashe firji ba. Ban ma tabbata maganin ya lalace ba, ƙila na Mode ajali ne. Kuma ana ta sallamar ma'aikata, wanda ya buɗe baki shi ne a gaba. Ka ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ƙanenka,
Maniru

Lambara, 11 ga Maris, 1983

Maniru,

Muna lafiya, sai dai karsanar Inna ta daina kiwo, idonta na ruwa.

Na sa an karanta mini takardarka har sau biyu, ban gane ba. Mai tsirawa, mai tuƙi, mai makulli. To wa ke da shanun cikinku? Ni dai abin da malaman Shagari suka duba kunne ne, ba firji ba. Ban ce kai ka yi laifi ba, ban kuma san wanda zan ce ba.

Na koma wurinsu da maganar ɗumin kwalba, ban faɗi sunanka ba. Babbansu ya ce ba ya aiki da an ce. Sai wani daga cikin ayarin farko ya zo ya faɗa da bakinsa, sannan su sake yi wa masu yankakken kunne. Ranar Laraba za su tashi.

Shawara kake so. Ina tuna Shatu da yara in ce zauna, in leƙa garke in ce taho. Kuma ba namu kaɗai ba ne, duk Lambara da Mandera ku kuka yi. Ban gaya wa Inna komai ba.

Allah shi zaɓa muna mafi alheri.

Na'Allah

Bodinga, 13 ga Maris, 1983

Yaya,

Ina gaishe ku. Ka kora shanun zuwa Shagari ranar Talata da sassafe, ka aika wa Mode da mutanen Mandera su ma su kawo nasu. Zan biyo motar farko.

Har yanzu ban san ko laifina ba ne. Na nemi izinin tafiya, shugabanmu ya tambaye ni dalili, na faɗa masa, ya ce in bar almakashin yankan kunnen a kan tebur.

Ka ce wa Inna a share mana ɗakin baya. Da Shatu da yara za mu taho.

Maniru