Murhun da Lauya Ta Ƙi Sa wa Hannu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, ya ƙafar taka?

Na san taku goma ne tsakanin ofishina da naka, amma tunda sakatarenka ya ce ba ka son ganina, ga takarda. Ba zan sa hannu a fitar da sabon murhun nan mai caji ba. Injiniya ya raba guda goma ga ma'aikata su kai wa matansu su gwada, kamar yadda kuka saba tun kamfanin yana rumfa ɗaya, kuma ba wanda ya gaya min. A bakin mai shara na ji. Na matar direbanka ya ɗau zafi tana girki yana caji, ya narka ledar ɗaki, ta ƙone a hannu garin janye shi daga kusa da 'yarta. Yau kuma an ce in rubuta da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali cewa duk wanda ya ƙone, shi ya jiyo. Raina ya ɓaci, Kawu. Ba wannan na je na karanto ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, lauyar kamfani

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ciwon kai ne ya ƙaru tun da na karanta takardarki.

Shekara talatin matan ma'aikatana ke gwada min kaya, ban taɓa neman izinin lauya ba. Murhu ɗaya ne cikin goma. Mun riga mun gayyaci dillalai ranar Asabar, maƙwabtanmu kuma suna ƙera irinsa, in muka tsaya sun wuce mu. Kin san sunan da yara ke kiranki a ƙasa? Hajiya Ba-a-yi. Ban ɗauke ki don ki zama birki ba. Ki sa hannu kafin Alhamis, in ba haka ba lauyoyi sun cika gari, kuma kujerarki ba gado ba ce.

Allah ya shirya min ke.
Kawunki

*

Kawu,

Ina sake gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi, har da na kan.

Sunan ya iso kunnena tuntuni, har amsawa nake yi. Amma ai ku kuke kirana bayan an gama komai, an naɗe kwali, sai a ce zo ki buga hatimi. Me ya rage min in faɗa a lokacin?

Ni ma ina son murhun nan ya fita, ya fi duk abin da muka taɓa yi. Jiya na wuni a ɗakin ƙira, har hannun rigata ya sha baƙin mai. Injiniya ya ce akwai ɗan makunni da zai kashe wuta da zarar an jona caji, mako biyar yake buƙata. Ranar Asabar a nuna wa dillalai murhun, kada a sayar. Na riga na shigar da takardar mallakar ƙirar, maƙwabta su kwaikwaya in gan su a kotu. Sai a gwada a gida arba'in, kowace mace a karanta mata haɗarin da baki ta yarda, ga lambar da za ta kira. Matar direba kuma a kai ta asibiti da sunan kamfani, ba a ɓoye ba.

In ka fi son lauyan waje, bismilla. Amma ba zan ajiye aiki ba, sai dai ka kore ni a rubuce, ka faɗi dalili. Kuma kafin ka rubuta, ka ce wa direbanka ya bi da kai gidansa. Kullum yana tuƙa ka, bai iya gaya maka ba.

'Yarka,
Hajiya Ba-a-yi

*

'Yata,

Salam. Na je. Hannun dama ne, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Da hagu ta kawo min ruwa, tana ba ni haƙuri wai ta ɓata mana murhu.

Na sa a karɓo sauran taran yau. Ki ɗauki mako biyar ɗinki. Kada ki zo ofishina tukuna, ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Kawunki